Wace igiya ce za ta riƙe mafarauci a kan sirdin bishiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Michigan ta Amurka, kuma bana nake son fara farautar barewa da baka daga kan bishiya, da irin sirdin nan da ake ɗaurawa a ƙugu mutum ya rataya a jikin bishiyar. Nauyina kilo 95. Na sayi sirdin da dandamalin tsayawa da sandunan hawa, saura igiyoyi. A gida ina da farakod, wato siririn kirtanin nailan irin na laimar sauka daga jirgin sama, mai yawa, da wata igiyar jirgin ruwa mai kaurin milimita 12 da na saya a shagon kayan gini. Wani abokin aikina ya ba ni Ropeman 1, wata ƙaramar na'urar ƙarfe da ke cizon igiya don gyara tsawo, ya kuma ce in sayi igiya mai milimita 8 don ta fi sauƙin ɗauka. Wacce zan saya, kuma me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Igiyoyin nan biyu da ke gidanka, kada ko ɗaya ta ɗauki nauyin jikinka a sama. Shawarar abokin aikinka kuwa, Ropeman 1 abu ne mai kyau, igiya mai milimita 8 ma akwai masu kyau, amma ba a haɗa su wuri guda. Zan zo kan dalili.

Bari mu fara sa wa kowace igiya suna, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai igiyar talala, wadda kake zargawa a gangar bishiya daidai goshinka ko ɗan sama, ita ce ke ɗauke da kai tsawon zaman farautar. Akwai igiyar hawa, wadda ke zagaye bishiya daga madaukin hagu na sirdi zuwa na dama, irin wadda ma'aikatan lantarki ke jingina da ita a jikin turke. Akwai gada, guntuwar igiyar da ke gaban sirdi daga kwatangwalo zuwa kwatangwalo, inda karabina, wato ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa, ke zamewa idan ka juya za ka yi harbi. Sai siririn kirtanin da ake naɗawa a jikin talala ko igiyar hawa don a rage tsawo ko a ƙara. Wanda ke sauka ta hanyar sulalowa yana da doguwar igiyar sauka. Duk waɗannan biyar rai ne ke kansu. Ta shida ita ce ta jawo baka da jaka daga ƙasa, kuma a nan ne kawai farakod ɗinka ke da aiki.

Ƙarfin igiyar hawa da kilonyutan ake rubuta shi, a taƙaice kN. Kilonyutan ɗaya ya kai nauyin kilo 102, ko laba 225 a ma'aunin Amurka. Kai da rigunan sanyi da takalma da jaka, mu ce kilo 110, wato kN 1.1 kenan idan ka zauna shiru. Farakod na 550, laba 550 yake ɗauka yana sabo kuma babu ƙulli a jikinsa, wato bai cika kN 2.5 ba. Da zarar ka ƙulla shi, kusan sulusin ƙarfin ya tafi. Abin da ya rage bai ninka nauyinka sau biyu ba, alhali masu aikin ceto da igiya ninki goma suke nema. Ita kuwa igiyar shagon kayan gini, matsalarta ta fi haka ɓuya, domin a ido ga kauri ga kyau. Da yawa daga cikin irinsu rigar waje ce kawai saƙaƙƙiya, cikin kuwa tarkacen zare ne aka cusa don ta cika hannu. Ko an rubuta adadin ƙarfi a jikin ledarta, ba a gwada ta da faɗuwar mutum ba, kuma masu yin ta da kansu sukan rubuta cewa ba ta ɗaukar mutum ba ce. Ɗaure kaya a bayan mota da ita, shi ke nan.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne sababbin shiga suka fi tsallakewa. Nauyin zama ba ya tsinka igiya mai kyau. Fizga ce ke yin ɓarna, ita kuwa fizga daga sakin igiya take zuwa. Ka ɗauka kana tsaye a kan dandamali, ka miƙe don ka leƙa wata barewa, talala ta yi sako-sako da santimita 60, sai ƙafarka ta zame. Igiyoyin sirdi ba sa miƙewa sosai, don haka abin da zai shanye faɗuwar shi ne ɗan matsewar ƙulli, da lotsawar sirdi, da naman jikinka. A ce dukansu sun ba da santimita 15. Lissafin faɗuwar abu a kan igiya ya nuna ƙarfin da zai buge ka a ƙarshen tsayawar zai kai ninki goma na nauyinka, wato wajen kN 11. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta iyakance ƙarfin da ya halatta ya sauka a jikin ma'aikaci a laba 1,800, wato kN 8, kuma wannan da cikakken ɗamarar da ta kama kafaɗu da cinyoyi ne. A Turai iyakar kN 6 ce. Sirdin bishiya kuwa ƙugu kawai ya kama. Ko saki na santimita 30 ne, lissafin ya wuce kN 6. Igiya mai kN 24 za ta tsira daga wannan, amma ƙashin bayanka ne zai karɓi bugun. Sirdi kayan jingina ne, ba kayan tare faɗuwa ba. Saboda haka ƙa'idar farko ta zaɓen igiya ita ce ka zaɓi wadda za ka iya ɗamewa da hannu ɗaya cikin sauƙi, a cikin duhu, da safar hannu. Igiyar da gyara tsawonta ke da wuya, mutum yakan yi kasala ya bar ta a sake. Kuma kada ka taɓa hawa har ƙugunka ya wuce inda ka zarga talalar.

Wasu sukan tambaya ko igiyar masu hawan duwatsu, mai miƙewa, wadda ke ƙarƙashin ƙa'idar EN 892, ba za ta fi ba. Tana rage bugun faɗuwa, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya yi talala da ita bai yi ganganci ba. Sai dai tana lilo da mutum lokacin da yake son ya tsaya cak ya saita kibiya, kuma a wajen sauka mai tsawo miƙewarta na sa ta goga ɓawon bishiya sama da ƙasa. Shi ya sa mafi yawan masu sirdi suke amfani da maras miƙewa, su kuma kiyaye saki.

To, wace shaida za ka nema a jikin igiya? Sunan kamfanin da aka sani da yin igiyar ɗaukar mutum, irin su Sterling, Samson, Teufelberger, Petzl, Beal, BlueWater ko Yale, tare da takardar bayani da ta faɗi kauri, da kayan da aka saƙa ta da su, da mafi ƙarancin ƙarfin da take tsinkewa a kai. Ka lura da kalmar mafi ƙaranci, don wasu matsakaicin ƙarfi suke rubutawa, wanda ya fi girma a ido. Ƙa'idar Turai ta EN 1891 ta shafi igiyoyi marasa miƙewa daga milimita 8.5 zuwa 16. Nau'in A ba ya gaza kN 22, kuma da ƙullin takwas, wato mai siffar lambar 8, a bakinsa dole ya riƙe kN 15. Nau'in B kN 18 ne, da ƙulli kN 12. Irin waɗannan igiyoyi akwai siririn ƙyalle a cikinsu mai ɗauke da sunan kamfani da lambar ƙa'ida da shekarar da aka yi su, in ka yanka bakin za ka gan shi. Masu aikin sare rassan itatuwa a Amurka kuwa ANSI Z133 suke bi, wadda ta ce igiyar da ke ɗauke da su kada ta gaza laba 5,400, wato kN 24, karabina kuma laba 5,000. A ganina wannan ne ma'aunin da ya fi dacewa da mafarauci, tunda su ma a jikin ɓawon bishiya suke wuni. Igiyar da ake tallatawa a intanet da arha, babu sunan kamfani sai manyan lambobi a hoto, ka bar ta ko da an manna mata alamar ƙa'ida. Talala mita biyu da rabi ce kacal. Abin da za ka rage na kuɗi bai kai kuɗin man zuwa daji sau ɗaya ba.

Igiyar da ta dace tana da ɓargo da riga. Ɓargon ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, rigar ke kare shi daga guga. Abin da aka saƙa su da shi ne ke nuna halin igiyar. Nailan yana miƙewa, yana shanye fizga, amma yana shan ruwa, ƙarfinsa ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari in ya jiƙe, kuma a sanyin Nuwamba na Michigan jiƙaƙƙen nailan yakan daskare ya zama sanda. Foliyesta ba ta shan ruwa sosai, tana jure rana da guga, tana narkewa ne sai wajen digiri 255 na ma'aunin Salshiyas. Don rigar talala babu kamarta a sauƙin sha'ani. Aramid, wanda Technora ke cikin nau'o'insa, ba ya narkewa, sai dai ya ƙone a wajen digiri 500, yana kuma da wuyar yankewa, amma rana na cin sa, kuma yawan lanƙwasa shi a wuri ɗaya na karya zarensa a hankali. Dyneema da Spectra abu ɗaya ne da suna biyu: ƙarfi ba a magana, nauyi kamar babu, sai dai santsi, ga narkewa tun a wajen digiri 145. Folifirofilin ba ya nutsewa a ruwa, yana narkewa a wajen digiri 165, kuma shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, sai dai a matsayin ɓargo a cikin rigar da ke kare shi.

Game da kauri, shawarata gare ka a shekarar farko ita ce milimita 11, irin ta masu aikin itatuwa mai rigar foliyesta, kamar Samson Predator da ire-irenta. Tana cika hannu, ƙulle-ƙulle na kama ta ba gardama, Ropeman ɗinka ya dace da ita, kuma a matsayin igiyar hawa taurinta na sa ta yi tsalle sama a bayan bishiya idan ka kaɗa ta, ba ta maƙale a ɓawo kamar siririya mai laushi ba. Bambancin nauyi tsakaninta da mai milimita 8, a guntaye biyu masu ƙafa takwas-takwas, bai kai nauyin gorar ruwa ƙarama ba. Masu milimita 8 irin su Sterling Oplux, wadda ƙarfinta ke wajen kN 24, igiyoyi ne na gaske. Amma sirantarsu ta fitar da su daga iyakar EN 1891, ta kuma fitar da su daga iyakar na'urori da yawa. Wanda ya zaɓe su, dole ya sake zaɓen kirtani da na'ura da duk abin da zai taɓa su.

Tsawon da aka saba shi ne ƙafa takwas, wato mita 2.4, ga talala da igiyar hawa. Ka auna da itatuwan da za ka hau. Bishiya mai faɗin santimita 45, zagayenta mita 1.4 ne, saura mita ɗaya kenan na gyara tsawo da ƙullin ƙarshe. In dajinka na manyan itatuwan oak ne, ƙara ƙafa biyu.

Kirtanin naɗi shi ne wurin da aka fi yin kuskure, don shi ne mafi siranta a duk kayan, kuma shi ke tsakaninka da talala. Ƙa'idar ita ce kaurinsa ya kasance kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na babbar igiya. A kan milimita 11, kirtani mai 7 ko 8. A kan milimita 8, mai 5.5 ko 6. In ya yi kusa da kaurin igiyar, ba ya ciza, sai ya sulale da kai. In ya yi siriri da yawa, yakan cije har ka kasa kwance shi kana rataye, ga shi ƙarfinsa kaɗan. Ƙa'idar EN 564 ta kirtanin hawa ta nuna yadda ƙarfi ke faɗuwa da sauri: milimita 8 kN 12.8, milimita 7 kN 9.8, milimita 6 kN 7.2, milimita 5 kN 5 kacal. Ka ga kenan wanda ya koma igiya mai milimita 8 ya tilasta wa kansa siririn kirtani, kuma na nailan zalla a wannan kauri bai wadatar ba a matsayin abin da shi kaɗai ke riƙe da mutum. Sai ya nemi wanda aka yi musamman don wannan aiki, kamar Sterling TRC mai milimita 6, mai rigar Technora, wanda ƙarfinsa ke wajen kN 15, ko ɗinkakken zoben Beal Jammy mai milimita 5.5. Rigar aramid tana da wani amfanin: idan naɗin ya zame da gudu, zafin guga ba zai narkar da shi ba. Laushi ma abin dubawa ne. Lanƙwasa kirtanin tsakanin yatsunka biyu. In ramin da ya bari a tsakiya ya fi kaurin babbar igiyar faɗi, ya yi tauri, ba zai rungume ta da kyau ba.

Naɗin da kowa ya sani shi ne na Prusik, mai sunan wani mahayin duwatsu ɗan ƙasar Ostiriya da ya fito da shi a 1931. Zagaye uku ake yi, wanda ke ba da layi shida a jikin igiya. A kan sabuwar igiya mai santsi ko siririya, a yi huɗu. Yana kamawa ta kowane ɓangare, amma bayan ya ɗauki nauyi yakan ƙi sakin jiki sai an murza shi. Naɗin Distel da na Schwabisch sun fi saurin saki, ana yin su da kirtani mai ido a baki biyu, sai dai ɓangare ɗaya suka fi kamawa, don haka in ka juya su ƙasa ta koma sama ka yi aikin banza. Kowanne ka zaɓa, layukan su kwanta a jere, kada wani ya hau wani. Akwai kuma halin da duk naɗe-naɗen nan suka yi tarayya a kai: in ka damƙe su da hannu, sakin igiya suke yi. Mutumin da ya tsorata yakan cafke abin da ke gabansa, abin da ke gabansa kuwa shi ne naɗin, sai ya sulale har ƙarshen igiya. Shi ya sa ƙullin tokare a ƙarshen talala da na igiyar hawa wajibi ne. Ƙulli mai ninki biyu, a bar masa jela ta santimita 10 zuwa 15, a ja shi da ƙarfi har ya zauna. Wasu ma sukan maƙala jelar talalar a karabina ta biyu a jikin sirdi, ta yadda ko kirtani ya tsinke babbar igiya na nan.

Ropeman 1 an yi shi ne don igiya daga milimita 10 zuwa 13, an kuma rubuta haka a jikinsa. A kan milimita 8 harshensa ba ya samun abin da zai danne sosai, ko ya zame ko ya tsuke igiyar a gefe. Kong Duck da Ropeman 2 su ne ke sauka har milimita 8. Amma ko a kan igiyar da ta dace, ka san abin da ke hannunka: na'urar hawa ce, ƙa'idar EN 567 da ake gwada irinsu da ita kN 4 take nema, kuma sama da haka kaɗan irin waɗannan na'urori sukan fara yage rigar igiya. Koma kan lissafin da muka yi, saki na santimita 30 ya riga ya wuce nan. Naɗin kirtani in ya sha fizga yakan ɗan zame ya rage bugun, ƙarfe kuwa cizo kawai ya sani. Don haka ni na fi son Ropeman a kan igiyar hawa, inda ake yawan gyara tsawo da hannu ɗaya, talala kuma a bar ta da naɗin kirtani. In ka nace sai ka sa shi a talala, ƙara naɗin Prusik a samansa.

Za ka ji ana yawan ambaton Amsteel. Igiyar Dyneema ce ta kamfanin Samson, saƙar tufka goma sha biyu, ba riga ba ɓargo, cikinta rami. A nau'in Amsteel-Blue, mai kaurin rubu'in inci matsakaicin ƙarfinta laba 8,600 ne, mai 7/64 na inci kuma laba 1,600. Sirdi da yawa da ita ake yi musu gada, don karabina na zamewa a kanta sumul. Amma ba a ƙulla ta. Ƙulli na cinye rabin ƙarfinta ko fiye, kuma saboda santsi yakan warware da kansa a ƙarƙashin nauyi. Sarƙa ta ake yi, a cusa bakin cikin ramin jikinta, tsawon abin da aka cusa ya kai ninki 72 na kaurinta, wato inci 18 ga mai rubu'in inci, a sirance bakin a hankali, a kuma kulle shi da ɗinki ko sarƙar Brummel don kada ya zare lokacin da babu nauyi a kai. Gadar da ta zo daga masana'anta ka bar ta yadda take, in ta tsufa ka sayi madadinta daga wurinsu. Siraran Amsteel na ɗaure sandunan hawa ne, ba na ɗaukar mutum ba. Kuma kada a sulalo a kan Amsteel ko kusa, zafin guga zai narkar da ita.

Bakin talala ya fi kyau ya zo da ɗinkakken ido daga masana'anta, don ɗinkin inji ba ya rage ƙarfi kamar ƙulli. In za ka ƙulla da kanka, ƙullin takwas mai ido, wanda ke barin kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfin igiya, da jela da ba ta gaza ninki goma na kaurin igiyar ba. Ka zagaya bishiya, ka zura ɗaya bakin ta cikin idon, ka ja ya shaƙe. Kada ka maye gurbin wannan da karabina don sauri. Karabinar da ke ɗaukar kN 20 ko fiye a tsaye, a kwance kN 7 ne ƙa'ida ta nema mata, kuma idan aka danne ta a jikin gangar bishiya lanƙwasa ta ake yi ta inda ba a gina ta ba. In kana son abin buɗewa saboda rassa, nemi zoben ƙarfe mai murfin dunƙulewa wanda aka yi don ɗaukar mutum, ka murɗa shi har ƙarshe. Duk karabinar da ke jikin sirdi ta zama mai kulle, mai lambobin kN a jikinta. Idan ka yanka igiya mai rigar Technora, wuta ba za ta liƙe bakin ba kamar nailan. Naɗe wurin da tef kafin ka yanka, sannan ka ɗaure bakin da zare ko robar da ke tsukewa da zafi.

Idan nan gaba ka koma sauka ta sulalowa, ƙafa 40, wato mita 12, ta ishi wanda ke zama a tsayin mita shida: ka haɗa tsayin inda ka zarga, da zagayen bishiya, da rarar da za ta kwanta a ƙasa. A nan ma na'ura ce ke zaɓa maka igiya. Mad Rock Safeguard daga milimita 8.9 zuwa 11 take aiki, GriGri na yanzu daga 8.5 zuwa 11, kenan mai milimita 8 ta fita daga dukansu, amma Sterling C-IV mai milimita 9 ta shiga. Hannun birki ba ya barin igiya, a sa naɗin kirtani a ƙasan na'ura a matsayin mataimaki, kuma kafin ka kwance talala ka saki dukan nauyinka a kan igiyar sauka ka tabbata ta ɗauka. Haka ma wajen tsallake reshe lokacin hawa: zarga talala a saman reshen, ɗame ta, sannan ka cire igiyar hawa. Ita kanta igiyar hawa ka riƙa ajiye ta sama da ƙugu, don in ta yi ƙasa kuma ƙafa ta zame, tare za ku sulalo.

Igiya tana tsufa ko ana amfani da ita ko ba a yi. Kamfanoni da yawa, har da Petzl, shekara goma daga ranar ƙira suka sa a matsayin iyaka ga kayan zare, wadda kuma ke aiki kowane mako ba ta kai nan. Kafin kowace fita, bi ta da yatsu daga baki zuwa baki, kana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan. Wurin da ya lotsa, ko ya yi tauri, ko ya karye kwana maimakon ya yi baka, ɓargo ya lalace. Wurin da ya yi ƙyalli kamar gilashi, zafi ya narkar da shi. In ka hango ɓargo ta cikin riga, ko igiyar ta taɓa tare faɗuwa mai ƙarfi, yanka ta gunduwa-gunduwa don kada wani ya tsinta. Ɗan gashi-gashi a riga ba komai ba ne. Wuraren da suka fi ci su ne cikin idon talala inda igiya ke goga igiya, tsakiyar gada, da madaukan sirdi. Todd Skinner, ɗaya daga cikin gwanayen hawan duwatsu na Amurka, ya rasu a Yosemite a 2006 saboda madaukin ɗamararsa da ya goge ya tsinke yana sauka. Kirtanin naɗi kuwa ka sauya shi kowace shekara, kuɗinsa kaɗan ne.

Akwai abokan gaba na musamman ga igiyar mafarauci. Kaifin kan kibiya na yanka igiyar da ke ɗame da taɓawa ɗaya, don haka kwari ya kasance a rufe, ka kuma lura da inda kibiya ke bi idan kana juyawa ta gefen talala. Ƙaron itatuwan fir da pine na manne naɗi ya hana shi motsi. Ƙanƙara na hana shi cizo. Igiyar da aka bari a kan bishiya kwana da kwanaki, rana na ci, kurege na gaigaya. Ruwan batir a bayan mota na kashe nailan ba tare da ya bar alamar da ido zai gani ba. Kada ka fesa mata fenti don ɓad da kama, kada ka sa mata bilic, kada kuma ka rufe ta cikin akwatin ozon na kashe wari. In launi ne damuwarka, sayi mai ruwan ƙasa tun farko. Wanki da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi, shanya a inuwa, ajiya a jaka busasshiya.

Farautar baka a Michigan ranar 1 ga Oktoba take buɗewa. Kafin nan, nemi bishiya a fili, ka kafa dandamali a tsayin gwiwa, ka haɗa komai yadda za ka yi a daji. Zauna, tashi, juya hagu da dama, ɗage ƙafafu ka bar talala ta ɗauke ka, sannan ka gwada sassauta naɗin bayan ya ci nauyi. Jiƙa igiyar ka sake. Sa safar hannu ta sanyi ka sake. Rufe ido ka sake, tunda kafin asuba za ka riƙa hawa. In naɗin ya zame ko da tsawon ɗan yatsa ne, ƙara zagaye ɗaya ko ka sauya kirtani, sannan ka maimaita gwajin tun daga farko.